A Yanka Tuffar Leda a Gabanmu Tukuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu ta masu sayar da kayan marmari, Alhaji Wakil, Allah ya ƙara maka lafiya. Uwarmu Hajiya Suwaibatu, shugabar mata. Dattawan sana'a da suka riga mu zama a bakin titi. Baƙonmu Malam Amir, wakilin sabon dilan da ya zo mana da tayi. 'Yan'uwana masu teburi da masu baro, daga Jekadafari, daga Tudun Wada, daga Gabukka: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Sunana Aƙilu, teburina yana Jekadafari. Ina godiya da aka ba ni dama kafin a ɗaga hannu, domin abin da za a yanke yau ya shafi sunan kowannenmu. An ce mu daina karɓar tuffar kwali, wadda muke jerawa a tire mai saye ya zaɓa da hannunsa, mu koma tuffar leda, wadda take zuwa a ƙulle. An ce ta fi tsabta, an ce ta fi sauƙin sayarwa, an ce ita ce ci gaba. Na saurara da kyau, kuma zuciyata ba ta kwanta ba.

Zan fara da ɗanɗano, tunda bakin mutane muke yi wa hidima. Tuffar kwali, idan ka gatsa, za ka ji ƙararta a kunnenka, ruwanta ya cika maka baki, da zaƙi da ɗan tsami. Ta leda kuwa, na ci wadda aka raba mana ta gwaji a taron da ya wuce, ta yi daɗi, ban musa ba. Amma da na je na sayi irinta a bakin hanya, inda ba a san ni ba, sai na ji ta lami, tana wargajewa a baki kamar gari. Leda iri ɗaya, tambari iri ɗaya. To wace ce za a riƙa kawo mana, ta taro ko ta titi?

Abu na biyu, ita kanta ledar. Ku dube ta ga ta can a kan teburin shugaba. An yi mata jan zane daga sama har ƙasa, yadda ko tuffar ta koɗe, daga waje ja za ka gani. Kuma duk ledar da na taɓa buɗewa, gefen da ya bugu yana kallon ciki. Sau ɗaya a ce tsautsayi ne. Amma kullum? Wane hannu ne yake juya su? Ga zafin Gombe, leda ta wuni a rana tana gumi, guda ɗaya ta lalace ta shafa wa sauran, mai teburi bai sani ba, mai saye bai sani ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a gabana. Maƙwabcina Mu'azzam, ga shi can zaune, ya ba ni izinin faɗa. Yana cikin waɗanda suka fara karɓar ledar nan. Akwai wata malamar makaranta, Malama Juliana, ta daɗe tana sayayya a wurinsa. Mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ba ta iya cin komai sai abu mai ruwa. Ta zo a gaggauce, ta ɗauki leda guda, ta tambaye shi, "Malam, mai kyau ce ko?" Ya ce mata, "Sabon kaya ne, Malama, ki ɗauka kawai." Da gaskiyarsa ya faɗa, domin abin da dila ya faɗa masa ke nan.

Washegari ta dawo da ledar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta fito da guda ɗaya da aka raba biyu, cikinta ya yi ruwan ƙasa har ƙwallo. Ta ce, "A gaban masu jinya na yanka wa Mama. Duk haka suke, in ban da biyu." Mu'azzam ya rantse mata bai sani ba, ya ɗebo na kwali zai canza mata. Ta ce, "Na yarda ba ka sani ba. To abin da ba ka sani ba, don me ka ce mini mai kyau ne?" Ta bar ledar a nan ta tafi. Tun ranar, idan ta sauka daga Keke, ta tsallaken titi take bi. Ba Mu'azzam kaɗai ta bari ba, duk layinmu ta bari.

Jama'a, dila ba ya tsayawa a bakin titi. Mu ne muke tsayawa. Fuskarmu ake gani, sunanmu ake kira, mu ake haɗuwa da mu a masallaci da coci da gidan suna.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna. An yi mana alkawari cewa duk tuffar da ta kwana mana, motar dila za ta zo ta kwashe. Alheri ne, in alheri ne. Amma na tambayi Malam Amir ina ake kai ta, ya ce ana zubarwa. Na ce a ina, ya yi dariya. Na roƙi a kai ni ɗakin sanyin da ake ƙulla ledar, aka ce mai makulli ya yi tafiya. Na koma, aka ce ana gyara. Ban ce ana mayar da kwanannen kaya cikin sabuwar leda ba, don ban gani ba, kuma ba zan ɗora wa bawan Allah abin da ban gani ba. Amma an hana ni gani, wannan kam na gani.

Na san tuffar tire ma tana da nata aibin. Ƙura tana hawanta, kowa ya zo ya latsa. Sai dai aibinta a fili yake: mai saye ya juya, ya shinshina, ya ajiye wadda ba ya so. Ya wanke ƙura da ruwa. Ruɓewar ciki kuwa ba ta wankuwa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, roƙona ɗaya ne. Kada a ɗaga hannu tukuna. Motar Malam Amir tana ƙofa cike da kaya. Hajiya Suwaibatu ta fita, ta zaro leda daga can ƙasa, wadda ranta ya so, ba wadda aka miƙo mata ba. A kawo nan, a yanka duka, kowa ya ɗanɗana. In ta yi kyau, ni ne zan fara ɗaga hannu, kuma zan ba Malam Amir haƙuri a gabanku. In kuwa aka ce mai makullin motar ma ya yi tafiya, to mun sami amsarmu.

Allah ya sa mu ci halal, mu ciyar da halal. Allah ya ba mahaifiyar Malama Juliana lafiya, da duk marasa lafiyarmu. Allah ya tsare mana mutuncinmu, ya zaunar da Gombe lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Ga wuƙata, Hajiya, na wanke ta. Na gode.