Soson Katifa a Jitar Yazeed

A tashar Tamale, Yazeed makaɗi na rungume da jitarsa ta bes, wata dattijuwa ta ƙura mata ido.

"Ɗana, soson katifa kuma a ƙarƙashin tsirkiya?"

Ya gyara zama. "Mma, 'yar zamani ce, tsirkiyarta biyar, ta cika ƙara. Soson nan ke danne sautin ya fito da kauri irin na da. Kiɗan marigayi Sualihu na Tishigu nake bi. Duk garin nan ni kaɗai na kamo shi!"

"Ashe aikinsa ne! Na sha zagin ɓeraye a kan katifarmu."

"Kin san shi?"

"Mijina ne. Kaɗa min in ji shi, kafin mota ta cika."