Ajin da Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Malama Rakiya ce daga unguwar Hajara, birnin Sabha na ƙasar Libiya, inda nake koyar da yaran 'yan'uwanmu Hausawa.

Kwanan baya na raba ajina biyu don in gwada wani abu. Rabi suka haddace darasin yadda rana ke shanye ruwa. Rabi kuma na ba su faranti biyu da ruwa, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, suka sa ido.

Bayan mako na tambayi kowa: me ya sa manoman kwarin Wadi Bawanis da ke nan yankinmu ke ban ruwa da sassafe? Masu hadda suka yi tsuru-tsuru. Masu faranti har rige-rigen amsawa suke.

Sai ga Malam Idi magini ya zo ya janye 'yarsa. Ya ce, "Malama, na wuce ban ji muryar yara ba. Makarantar da ba ƙara, ba karatu."

'Yarsa ce fa ta fara amsawa! Wallahi ba zan ajiye farantan nan ba. Jama'a, yaya zan shawo kansa ya maido mini ita?