'Yan Dubiya Da Kwanukan Kunu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Talatu ce daga Gozaki.

An yi wa maigidana tiyatar zuciya. Ya daɗe a kan injin da ke riƙe aikin zuciya da huhu, har ƙodarsa ta taɓu. Likita ya ce a taƙaita masa shan ruwa.

Muna dawowa, 'yan dubiya suka cika ɗaki, wannan da kunu, wancan da ruwan addu'a. Shi kuma kunya ba ta barinsa ya ƙi. Ƙafafunsa suka kumbura, muka koma asibiti.

Yanzu a bakin ƙofa nake karɓe kwanuka. Yayarsa ta ce, "Talatu, da ƙishirwa za ki kashe mana shi?"

Malam, ba ta barin shirin nan ya wuce ta. Don Allah ka yi mata bayani, ni ta daina amsa gaisuwata.