Mai Neman Zafi da Wuta

A layin aski, wani dattijo ya ƙura wa saurayin da ke gefensa ido.

"Samari, me ya cinye maka gira?"

"Wutar aiki ce, Baba. Da harshen wuta muke huda dutse mai tauri, ya yi ta farfashewa har mu kai ga zafin ƙarƙashin ƙasa, a samar da lantarki."

"Wato kuna hura wuta don neman zafi? Irin shirmen manemin 'yata ke nan! Yau zai fara zuwa gaishe ni, korarsa zan yi."

Saurayin ya rusuna.

"Baba... ba bayan magariba aka ce in zo ba?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya juya ga mai aski.

"Mai aski, fara da shi. Ko korar ce, gara ya zo da kyan gani."