Ƙurar Asbestos a Huhun Babana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maryam daga Ammariyya, Jidda.

Babana ya daɗe yana yanka rufin asbestos a wani kamfanin gini, ko takunkumi ba a taɓa ba shi ba. Bana tari ya hana shi sakat. Likita ya ce ciwon daji ne a huhu, kuma ƙurar aikin ce sila.

Na je wurin tsohon kafilinsa, wato uban gidansa na aiki, ya ce min, "Halas, magana ta ƙare, kamfanin ya rufe tuntuni." Baba ya ce in bar wa Allah, amma na kasa.

Don Allah lauyoyi masu saurare, ana samun diyya bayan kamfani ya rufe? Ta ina zan fara? Ku taimaka da wuri, numfashinsa kullum raguwa yake yi.