Gansakukar Sakinatu

DABO: Salamu alaikum. Sakinatu? Babanki ne.

SAKINATU: Wa alaikumus salam. Baba, ina wuni? Na ga lambar Kawu Badaru.

DABO: Tawa ba kati. Ya karatu? Ya mutanen Rijiyar Zaki?

SAKINATU: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar Inna?

DABO: Da sauƙi, har ta taka zuwa Bagwai ranar kasuwa.

SAKINATU: Madalla. Ya kuma tsadar nan?

DABO: Sai godiya. Injin ban-ruwa dai yana nan a rufe da buhu, fetur ya fi ƙarfinmu. To, jibi ne malamin naki zai zo ko?

SAKINATU: Jibi da hantsi, in Allah ya yarda.

DABO: To ki kwantar da hankalinki, mun gyara wurin.

SAKINATU: Kun me? Layin yana yankewa.

DABO: Na ce mun gyara. Gayya na kira jiya, mutum tara. Kwamin nan uku da kika gina a gona, mun kwashe ƙazantar, mun wanke su da omo, mun zuba sabon ruwa. Har ƙasan ana hangowa.

SAKINATU: Baba, wace ƙazanta?

DABO: Gansakukar mana. Babban mutum zai taso daga jami'a, ya tarar da ruwan 'yata kore shar yana wari? A ce ba ki da iyaye?

SAKINATU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

DABO: Tsaya, ban zubar ba. Na san kina sonta. Na shanya miki ita a kan tabarma, ta bushe ƙayau, na ɗura a buhu. Haka ake ajiye iri.

SAKINATU: Ita ba ta ajiyuwa haka, Baba. In ta bushe ta mutu. Ita ce aikin nawa gaba ɗaya, ita malam zai zo gani da ranta.

DABO: Ba ruwan zai duba ba?

SAKINATU: A'a. Da ruwanta ake kwasarta, a zuba a tukunyar ƙarfe a rufe ruf, a ba ta wuta mai tsanani. Tururi ba ya samun hanyar fita, sai ya matse ta. Kafin awa guda ta zama baƙin mai, irin wanda ake tacewa a zuba wa inji.

DABO: Mai? Na inji?

SAKINATU: Shi.

DABO: To a jiƙa ta buhun.

SAKINATU: Za ta ba da ɗan abin da ba a rasa ba, amma ba za ta sake yaɗo ba.

DABO: Ai ga ta can birjik a bakin dam ɗin Watari. Gobe da asuba in cika miki jarka goma.

SAKINATU: Ba iri ɗaya ba ce. Wata bakwai na yi ina zaɓe, ina ware mai maiƙo daga sauran, kamar yadda kuke ware zangarniyar iri. Ba ni da ita a ko'ina sai nan.

DABO: Wata bakwai.

SAKINATU: Ba zan gama bana ba, Baba. Sai dai baɗi.

DABO: Ni fa ban taɓa tambayarki ba. A majalisa ana ta tsokanata, wai Dabo ya kai 'ya jami'a ta dawo tana kiwon gansakuka. Kunya ta hana ni tambaya. Jiya ina ta murna, na ce yau na fitar da ke kunya.

SAKINATU: Laifina ne. Duk sanda kuka leƙo sai in ce aikin makaranta ne kawai. Na ɗauka in na yi bayani dariya za ku yi. So nake sai man ya fito, in kawo muku a kwalba.

DABO: Da na sani, da ni zan riƙa kwana a bakin kwamin nan ina korar awaki.

SAKINATU: Bari in kira malam in ce kada ya taso.

DABO: Me za ki ce masa?

SAKINATU: Zan ce ta lalace.

DABO: A'a. Sai ya ɗauka sakacinki ne. Ki ce masa mahaifinki ne ya wanke, da hannunsa. In ya ƙi yarda, ki ba shi lambar Badaru, ni zan faɗa masa da bakina. Kin ji ko? Sakinatu? Halo? Badaru, duba min wayar nan, ta yi shiru.