Masu Rusau a Cikin Ƙashin 'Yata

Assalamu alaikum. Mai girma shugabar ƙungiyar masu jinya, babban likita, ma'aikatan jinya da ba sa gajiya da tambayoyinmu, 'yan uwana da benci ya cinye wa baya, da surukina da ke can bakin ƙofa, ina gaishe ku. Ina godiya da aka miƙa abin magana ga maginin da ya bar makaranta tun kafin malamai su gama gane fuskarsa.

Da farko, ciwon. 'Yata tana kwance a ɗakin mata, gadon da ke jikin taga. Tulun ruwa ta ɗaga, hannunta ya karye. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wanda ya buge ta. Da aka kawo ta, ga ƙishirwa, ga amai, har ta dube ni ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Likita ya zaunar da ni ya ce, "Baba, a cikin ƙashi akwai masu rusau, akwai masu gini, dare da rana suna aiki." Na ce, "To, yau an zo fagena." Ya ce sinadarai ne ke yawo a jini suna ba su umarni. A wuyan 'yata wani ɗan ƙullutu ya kumbura, sinadarinsa umarni ɗaya ya sani, a rushe. Ƙashi yana narkewa, yana zuba cikin jini.

Na biyu, allurar. Wani sinadarin ne, mai tsawatar wa masu rusau. Aka yi mata, ta tashi zaune, ta gane ni, har ta ce hulata ta yi dauɗa. Dangi suka cika ɗaki da barka. Likita kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce nan da 'yan kwanaki masu rusau za su toshe kunnuwan da suke jin tsawar da su, ko an ƙara allura ba za su saurara ba. Na ce, "Likita, wannan ba sai an yi mini fassara ba. A gidana tsawata ta daina aiki tun ina da baƙin gemu."

Jiya ta fara neman ruwa kamar ranar farko.

Na uku, kai, surukina. Ka gafarce ni da na kira ka gaban jama'a. A gida in na fara magana sai ka sunkuyar da kai don kunya, ka fita. Kai da mahaifiyarka kun ce tunda allura ta tashe ta, a ci gaba da allura, kada a yarda da tiyatar da likita yake so, a sa mata wuƙa a wuya. Wallahi ni ma ina tsoron wuƙar. Amma sauƙin da kuka gani ba warkewa ba ne, dama ce aka samu a cire ƙullutun tun jikinta yana iya ɗaukar tiyata. Ita ta yarda. Ta ce dai ba za ta shiga ba kana fushi da ita. Ɗana, hannu ne ya karye a wannan karon, likita ya ce saura ƙugu ko baya. In an tashi daga nan, ka je gadonta ka faɗa mata da bakinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya daidaita hannun likitoci, ya sanyaya zuciyar mai jin tsoro. Na gode, Allah ya saka.